HONKONG: AN HAIFE SU A GARI, JARRABAWA TA MAIDA SU BAƘI

Kowace shekara cikin watan Yuli, hukumar jarrabawa ta Honkong tana bayyana sakamakon DSE, jarrabawar fita daga sakandare, wadda take matsayin bak a wurinmu. Ranar nan jaridun garin sukan cika da hotunan ƴan tsirarun yaran da suka cinye makin ƙoli a kowane fanni, ana tambayarsu ko likita za su zama ko lauya, magabata kuma suna ta yabon tsarinsu na ilimi. Akwai wasu yaran da ba a cika ɗaukar hotonsu ba. Su ne ƴaƴan Fakistanawa da Nefalawa da Indiyawa, waɗanda aka haifa a asibitocin garin, suka girma a unguwanninsa, suke riƙe da katin zama ɗan gari kamar kowa, amma da zarar an zo ga takardar harshen Sinanci sai a nuna musu iyakarsu. Abin da ake yi wa yaran nan zalunci ne. Da a ce malami guda ne mai son kai yake tauye musu maki, da an kai ƙararsa wurin darakta an huta. Wannan kuwa a ofis aka zauna aka tsara shi, aka rubuta, aka buga masa hatimi.

Yadda ake awon

A shekarar 2012 aka fara zama DSE. Maki yana tashi daga mataki na 1 zuwa na 5, a bisa 5 kuma akwai mai tauraro ɗaya da mai tauraro biyu. Duk wanda ke neman gurbi a jami'o'in da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, wajibi ne ya samu aƙalla mataki na 3 a Sinanci, na 3 a Ingilishi, na 2 a lissafi, sannan ya tsallake fannin tarbiyyar ɗan ƙasa. Ba a tara maki a raba kamar yadda muka saba a bak, inda lissafi mai ƙarfi ke goya Faransanci mai rauni. A ƙa'idarsu, wanda bai kai mataki na 3 a Sinanci ba, ƙofa ta rufe masa ko da ya kwashe taurari a lissafi da kimiyya, in ban da ɗan sassaucin da wasu jami'o'i suka shigo da shi a shekarun baya-bayan nan ga wanda mataki guda ya rage wa.

Takardar Sinancin nan kuwa, su kansu ƴaƴan Sinawa tsoronta suke yi, har suka laƙaba mata suna takardar mutuwa, domin a shekarun farko kusan rabin waɗanda suka zauna ta ba su kai mataki na 3 ba. Dalilin a fili yake. Mutanen Honkong harshen Kanton suke magana da shi a gida da kasuwa, amma Sinancin da ake rubutawa ya fi kusa da Mandarin na Bejin a kalmomi da ginin jimla, ta yadda yaro zai faɗi magana da baki wata iri, ya rubuta ta wata iri. Rubutun ba na haruffa ba ne da za a haddace cikin wata guda. Alamomi ne, kowace da zanenta, kuma sai mutum ya mallaki kimanin 3,000 kafin ya karanta jarida cikin kwanciyar hankali. A bisa wannan akwai tsohon Sinanci na littattafan magabata, wanda tun 2018 ake tambayar ɗalibai a kan zaɓaɓɓun matani 12 daga cikinsa.

To, jama'a, idan ɗan da ya sha harshen Kanton a nonon uwarsa yana kuka da wannan takarda, ina ga wanda ake yi wa Urdu ko Fanjabi ko Nefalanci a gida, wanda ba ya da wanda zai duba masa aikin makaranta da dare domin uwa da uba ba su iya karanta alama ko ɗaya ba? A wasu makarantun ma da Mandarin ake koyar da darasin Sinancin, tun da aka ware kuɗi domin ƙarfafa haka a 2008. Ke nan yaro guda yana fama da harshen gida, da na titi, da na darasi, da na rubutu, da na mutanen dā, ga Ingilishi a gefe. Sannan ranar jarrabawa a ɗauko tiya ɗaya a auna shi da ɗan gida, a ce wai an yi adalci tun da tiyar ba ta canza ba.

A 2024 an yi wa takardar kwaskwarima da sunan rage wa ɗalibai nauyi, aka cire ɓangaren sauraro da na magana, aka bar karatu da rubutu. Ga ɗan Sinawa wataƙila sauƙi ne. Ga ɗan Fakistan da ya koyi harshen Kanton a filin ƙwallo har ba a bambanta shi da ɗan gida idan ya buɗe baki, an ɗauke masa wurin da ya fi ƙarfi, an bar masa wurin da ya fi rauni.

Su wa ake kira baƙi?

Kafin wani ya ce ai wanda ya zo garin mutane sai ya bi al'adarsu, bari mu tuna masa tarihi. Mutanen Indiya sun sauka Honkong tare da Ingilishi tun farkon mamayar tsibirin a 1841. Tun shekarun 1860 ake ɗauko Sikawa daga Fanjab suna aikin ɗan sanda. Jiragen fiton Star Ferry, waɗanda garin ke alfahari da su a kowane hoto, wani ɗan asalin Indiya ne ya kafa kamfaninsu a 1888. Sojojin Gurka na Nefal sun yi gadin iyakar Honkong da ƙasar Sin kafin miƙa mulki a 1997. Masu karatunmu kuma sun san Gwamna Lugga, wanda dakarunsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903: shi ne ya yi gwamnan Honkong daga 1907 zuwa 1912, shi ya tsaya aka kafa jami'ar Honkong a 1911, kuɗin babban gininta kuwa wani attajiri ɗan asalin Indiya mai suna Hormusji Modi ne ya bayar. Jikokin masu gadi da ƴan sanda da ƴan kasuwar nan su ne a yau ake ce wa ba su cika sharaɗi ba.

Ƙidayar 2021 ta nuna cewa cikin mutum miliyon 7 da dubu 400 da ke Honkong, sama da dubu 600 ba Sinawa ba ne, kuma kimanin dubu 100 daga cikinsu ƴan asalin kudancin Asiya ne. A zamanin Ingilishi ba a damu da koya musu Sinanci ba. Harshen bai ma zama na hukuma ba sai 1974, kuma wasu makarantun da ke karɓar yaran nan Faransanci ko Hindi ko Urdu suke koya musu a madadinsa. Faransanci a Honkong! Da aka miƙa garin ga ƙasar Sin ranar 1 ga Yuli 1997, sai ƙasa ta juya. A 1998 aka umarci kimanin makarantun sakandare 300 su koma koyarwa da Sinanci, aka bar 114 kawai da Ingilishi. Sanin rubutun Sinanci kuma ya zama sharaɗin shiga mafi yawan ayyukan gwamnati. Babu mai musun cewa al'umma tana da ƴancin ɗaukaka harshenta bayan shekara 150 da ɗoriya na mulkin mallaka. Mu ne ma na farko da za mu yi mata jinjina. Laifin shi ne an canza makullin ƙofa, ba a ba mutanen cikin gida sabon mabuɗi ba. Iyayen da aka hana wa Sinanci jiya su ake zargi yau da cewa ba su taimaka wa ƴaƴansu.

Ƙofofi biyu, kowace da raminta

Ma'aikatar ilimi ta Honkong za ta ce ai ta buɗe wata hanya. Gaskiya ne. Tun 2008 jami'o'i suna karɓar wasu takardun shaida a madadin Sinancin DSE, mafi shahara ita ce GCSE ta Ingila, daga baya kuma aka ƙirƙiro wani darasin Sinanci na aikin yau da kullum domin yaran da ba harshensu ba ne. Amma GCSE an shirya ta ne domin ɗan Ingila mai koyon Sinanci a matsayin harshen waje, kuma malamai da ƙungiyoyin Honkong sun daɗe suna cewa zurfinta bai wuce na ɗan aji biyu ko uku na firamare a garin ba. Yaro zai ci ta da maki mafi girma, ya yi murna, ya shiga jami'a, ya fito da digiri, sannan ranar neman aiki a miƙa masa takarda ya kasa karantawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kowace jami'a kuma da yadda take lissafa wannan takarda idan ana gasar gurbi, ta yadda ɗalibi ba zai san tun da wuri nauyin abin da ke hannunsa ba.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne sharaɗin bin wannan hanya. Ana karɓar takardar madadin ne daga wanda bai kai shekara 6 yana koyon Sinanci ba, ko wanda ya kai shekara 6 amma sauƙaƙƙen manhaja aka koya masa. Mu ɗauki yara biyu ƴan gida ɗaya. Ta farko iyayenta sun yi ƙoƙari sun saka ta makarantar ƴaƴan Sinawa, ta yi shekara 12 tana gwagwarmaya da cikakken manhaja, ta iya karanta jarida da rubuta wasiƙa, ranar DSE ta samu mataki na 2. Na biyu ya zauna ajin sauƙi, ya ci GCSE, bai iya karanta sanarwar da aka manna a ƙofar gidansu ba. Bisa harafin ƙa'ida, na biyun ne ya cika sharaɗin jami'a, ta farkon ta faɗi. Wace amsa za a ba yarinyar nan idan ta tambayi amfanin wahalar da ta sha? Da wane baki za a ce wa ƙannenta su yi koyi da ita? Tsarin da ke hukunta wanda ya fi ƙoƙari, ya saka wa wanda aka bari a baya da takardar da ba ta da nauyi, yara suna gane shi tun kafin manya su gane, kuma daga ranar da suka gane sun daina yarda da maki.

Tsakanin tsaunin DSE da kududdufin GCSE babu tsani. Abin da iyaye da malamai da ƙungiyoyin farar hula suke roƙo shekara da shekaru ke nan: cikakken manhajan Sinanci a matsayin harshe na biyu, daga rainon yara har ƙarshen sakandare, da littattafansa, da malaman da aka horar dominsa, da jarrabawarsa mai daraja wadda jami'a da ma'aikata za su amince da ita. Ƙungiyar Unison, wadda Fermi Wong ta kafa a 2001, ta yi ta wannan kira har ranar da aka rushe ta a 2025. Hukumar daidaita dama ta garin, wadda doka ce ta kafa ta, ta nemi haka a rahotonta na 2019.

Hujjar magabata

Me aka ba su? A 2006 aka ware wasu makarantu aka ce su ne na yaran da ba Sinawa ba, sai suka zama zango: ɗan Fakistan na zaune da ɗan Nefal, babu mai jin harshen Kanton a aji sai malami. A 2013 aka goge sunan, amma goge suna ba ya watsa taron, yaran suka ci gaba da cunkusuwa a makarantun da suka saba. A 2014 gwamnatin Leung Chun-ying ta fito da abin da ta kira tsarin koyon Sinanci a matsayin harshe na biyu, ta ware masa kimanin dalar Honkong miliyon 200 a shekara. Sunan ya yi daɗi. Amma da aka buɗe ƙunshin sai aka tarar manhajan ƴan gida ne aka yayyanka ƙanana, aka bar kowace makaranta ta ƙirƙiro kayan koyarwarta, maƙasudin kuma shi ne yaro ya koma ajin kowa da kowa ya zauna takardar mutuwa. A 2021 hukumar binciken kuɗin gwamnati ta gano cewa fiye da rabin malaman Sinanci ba su halarci horon da ma'aikatar ta shirya kan koyar da irin yaran nan ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Hujjar ma'aikatar ita ce wai manhaja na daban zai zama ƙasƙantacce, zai ɗaure yaran a ƙasa, kuma darajar jarrabawa tana cikin kasancewarta ɗaya ga kowa. Wannan magana tana da kamar hankali, amma ba ta tsayuwa. Ingilishi fa? Ai a matsayin harshe na biyu ake koya wa ƴaƴan Sinawan Honkong shi, daki-daki, babu wanda ya ce a auna su da takardar ɗan Landan, kuma babu wanda ya ce an ƙasƙantar da su. Ƙasar Sin da kanta, tun 2004 take buɗe cibiyoyin Konfushiyos a duniya, ta farko a Afirka a Nairobi a 2005, tana da littattafai da malamai da jarrabawar HSK mai hawa-hawa domin baƙon da bai taɓa jin Sinanci ba. An iya tsara hanyar koya wa ɗan Kenya, an kasa tsara ta ga yaron da aka haifa a Kowlun? Ƙasƙantacciyar takardar da suke cewa suna gudu kuwa, ai ita ce GCSE da suka amince da ita da hannunsu.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Ƴaƴan Turawa da na attajirai suna makarantun ƙasa da ƙasa masu tsada, ba su zama DSE, babu mai tambayarsu alama nawa suka sani, gobe kuma su ne manyan banki. Rashin Sinanci bai taɓa hana mai kuɗi komai ba a Honkong. Talaka kaɗai yake kamawa. Rahoton gwamnatin garin kan alƙaluman 2016 ya nuna kusan rabin Fakistanawan Honkong suna cikin talauci ko bayan an lissafa tallafin da ake ba su. Uba mai gadi ko lebura a wurin gini, ɗa ya faɗi a Sinanci ya gaji uban, jika ya taso gidan da babu mai karanta masa littafi. Kotu ma ba ta da abin yi sosai, domin dokar hana wariyar launin fata ta 2008 ta faɗa ƙarara cewa ba a tilasta wa makaranta ta canza harshen koyarwarta saboda wata ƙabila.

Gemun ɗan uwanka

Mu da muka bi ta lakwal a ƙasar nan ba mu buƙatar tafinta kafin mu fahimci ɓacin ran yaran Honkong. Mun san sambol da ake rataya wa wanda bakinsa ya suɓuce ya yi harshen uwarsa. Mun san zamanin da kuskure biyar a dikte ke jawo sifili, sifilin kuma ya kayar da yaron da ya fi kowa lissafi a aji. Ƴaƴan manoma nawa ne masu kaifin basira suka koma gona saboda harafin da ake rubutawa ba a furtawa, alhali ɗan ma'aikacin da ake yi wa Faransanci a gida ya wuce? Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da harshen gida a Damagaram, amma aka bar abin yana sunan gwaji shekaru aru-aru.

Sai dai darasin Honkong yana da kaifi biyu, kuma na biyun mu Hausawa ya fi shafa. A watan Maris na 2025 kundin da magabatan Yamai suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk ranar da Hausa ta shiga ɗakin jarrabawa da makin da ke kayarwa, ɗan Tilaberi da ke jin Zabarmanci, da ɗan Difa mai Barbarci, da ɗan Abzin, da ɗan rugar Fulani, da ɗan Tubawa, za su iya samun kansu inda ɗan Fakistan yake a Honkong, idan aka auna su da tiyar ɗan Maraɗi ba tare da an tanadi malamai da littattafan koyar da Hausa a matsayin harshe na biyu ba. Mutanen Honkong ma da sunan kawar da harshen ɗan mulkin mallaka suka faro, kuma da gaskiyarsu. Wanda aka zalunta jiya ba shi da tabbacin ba zai zalunci wani gobe ba, musamman idan alƙalamin gyara ya dawo hannunsa.

Abin da ya wajaba

Ga magabatan Honkong, maganin ba ɓoyayye ba ne, an rubuta musu shi sau da yawa. A tsara cikakken manhajan harshe na biyu mai hawa-hawa wanda ƙarshensa zai kai yaro ga karanta doka da rubuta rahoto. A fara tun daga rainon yara, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wajabta horo ga duk malamin da za a ba irin wannan aji. A saka jarrabawarsa cikin DSE da matakanta, a kuma tilasta wa jami'o'i da ma'aikatun gwamnati lissafi guda bayyananne. A gyara sharaɗin nan na shekara 6 da ke hukunta mai ƙoƙari. Garin da ya haƙa hanyoyin jirgin ƙasa a ƙarƙashin teku, ya cike ruwa ya gina filin jirgin sama a kai, ba zai ce rubuta littattafan aji goma sha biyu ya gagare shi ba. Niyya ce babu, domin iyayen yaran nan ba su da yawan da zai tsorata kowa, ba su da kujerar da za su buga tebur a kanta.

Yaran ba su roƙi a ƙara musu maki kyauta ba, ba su kuma ce a yafe musu Sinanci ba. Cewa suka yi a koya musu shi ta hanyar da za su iya, sannan a auna su a kan abin da aka koya musu. Hukumar da ta kasa yin na farko ba ta da hurumin yin na biyu, kuma duk sifilin da ta rubuta a takardar yaro kafin ta sauke wannan nauyi, nata ne.